"Jikinka Zai Saba": Shekara 14 Da Tankin Feshi A Bayana

Shekara 14 na yi ina goya tankin feshi. Ba a gonata na fara ba, gonakin mutane nake yi wa, a biya ni gwargwadon yawan tankin da na juye. Yayana ne ya koya mini ina ɗan shekara 19, kuma karatun bai wuce wuni ɗaya ba: murfi kaza na magani a lita 16 ta ruwa, ka girgiza, hagu tana buga famfo, dama tana riƙe da sanda, ka yi ta tafiya kada ka tsaya. Bai taɓa ce mini in duba takardar da ke jikin kwalba ba. Ba na ganin laifinsa, shi ma haka aka koya masa.

A ranar farko, tun kafin la'asar kaina ya ɗauki sara, zuciyata tana tashi. Na ce, "Yaya, kaina kamar zai rabe biyu." Ya dube ni ya ce, "Haka kowa ya fara. Jikinka zai saba." Kuma kamar gaske, bayan 'yan makonni ciwon kan ya ragu. Daga nan na riƙe wannan magana hannu bibbiyu, har ni ma na riƙa gaya wa yaran da suka zo koyo a hannuna. Wannan ne abin da ya fi damuna yau, don ban san adadin waɗanda na gaya wa ba.

Bari in faɗi yadda nake aikin, ba tare da na rage komai ba. Murfin tankina yana yoyo, don haka kullum bayana a jiƙe yake, ruwan ya bi gadon baya ya sauka har cikin wando. A zafin rana sanyinsa har daɗi yake mini. In bakin famfo ya toshe, sai in kwance shi in sa a baki in hura. In maganin gari ne ya ƙi narkewa, in zura hannu in dama. In yunwa ta kama ni, in goge hannu a jikin riga in ci abin da na zo da shi. Na fi son feshin tsakar rana, don a lokacin raɓa ta bushe kuma ina iya juye tanki da yawa. Iska kuwa, duk inda ta ga dama ta kaɗa, ni dai layi nake bi. In mai gona ya yi ƙorafin cewa tsutsa ba ta mutu ba, sai in ƙara murfi ɗaya, ko in haɗa magani iri uku a tanki guda. Masu gona suna son aikina saboda haka, suna cewa hannuna yana da zafi.

Ranar da abin ya faru, wata gonar tumatir nake yi wa feshi. Maganin da mai gonar ya ba ni a cikin robar lemo yake, an tsiyayo masa ne daga babbar jarka, babu takarda babu suna. Ina kan tanki na tara sai tiyon ya ɓalle daga gindinsa, ruwan ya kwararo mini tun daga wuya. Na ɗaure shi da roba na ci gaba, don saura layi kaɗan. Can sai na ga ganyayyaki sun fara yi mini hazo-hazo, kamar magariba ta yi alhali rana tana sama. Yawu ya cika mini baki, in tofar ya sake taruwa. Gumi yana zuba, hawaye yana zuba, cikina ya murɗa. Na sauke tankin na durƙusa, na ga naman cinyata yana rawa shi kaɗai a ƙarƙashin fata kamar akwai wani abu mai rai a ciki. Abin da na fi tunawa shi ne numfashi. Ƙirjina ya cika da ruwa, ina jan iska ina jin ƙarar kurɓa, kamar wanda yake nutsewa a kan tudu.

Mutanen da suka taru sun ɗura mini madara, da kyakkyawar niyya, wani kuma ya zura mini yatsa a maƙogwaro don in yi amai. Daga baya likita ya ce duka biyun kuskure ne. Madara ba ta kashe guba, kuma yawancin magungunan ruwa ana narkar da su ne a cikin wani sinadari mai kama da kananzir, wanda in aman ya kuskure ya faɗa huhu sai ya ƙara wata cutar a kan wadda ake fama da ita. Abin da ya kamata shi ne a tuɓe wa mutum kayan da suka jiƙe, a wanke shi da ruwa da sabulu, a kwantar da shi a kan gefensa, a garzaya asibiti tare da kwalbar maganin.

A asibiti likita ya haska mini fitila a ido, na ji yana cewa ƙwayar idon ta tsuke kamar kan allura. Ya tambayi kwalbar, aka miƙa masa robar lemo, ya girgiza kai. Alamomin jikina ne suka gaya masa irin gubar. Aka yi ta yi mini allurar atirofin, ana yi ana saurarar ƙirjina, ana sake yi, har ruwan ya fara janyewa. Amma akwai abin da na gani a cikin wannan hali wanda ba zan manta ba. Ma'aikaciyar jinyar da ta yanke mini riga da almakashi ta sa safar hannu biyu, ɗaya kan ɗaya, ta ɗauki rigar da kan yatsu ta jefa a leda ta ƙulle. Rigar nan da nake kwana uku ban cire ba. Rigar nan da 'yata take rugowa ta rungume ni a cikinta kullum na dawo, ta kifa fuskarta a cikina.

Kwana shida na yi a kwance. A rana ta huɗu na sami bakin magana, na ce, "Likita, ni fa shekara 14 ina wannan aiki, jikina ya saba. Ranar nan ce kawai aka yi rashin sa'a." Ya jawo kujera ya zauna, Allah ya saka masa da alheri, don ya ba ni lokacin da ba lallai ne ya ba ni ba. Ya ce duk motsin da mutum yake yi, jijiya ce take aika saƙo zuwa ga tsoka, kuma akwai wani sinadari a jiki da aikinsa shi ne ya share saƙon da zarar ya isa, don tsokar ta huta. Magungunan ƙwari na dangin oganofosfet, irin su DDVP da kulofirifos, wannan mai sharewar suke ɗaurewa. Saƙo ya yi ta zuwa babu mai tsayar da shi, shi ya sa yawu da gumi da majina suke ɓallewa, tsoka ta yi ta rawa har ta gaji ta saki, har da tsokar numfashi. Haka suke kashe ƙwaro, haka suke kashe mutum, bambancin girman jiki ne kawai. Ya ce jiki yana ɗaukar makonni kafin ya mayar da abin da aka ɗaure, ni kuwa kullum ina ƙara ɗaure wani. "Malam," in ji shi, "ba sabawa ka yi ba. Rumbunka ne yake ta raguwa kana ganin ƙofarsa a rufe. Ranar nan ya ƙare."

Ya kuma gaya mini cewa ta fata guba ta fi shiga jikin mai feshi, ba ta hanci kaɗai ba, kuma fatar goshi da ta kai da ta matsematsi sun fi ta tafin hannu saurin tsotsa, balle in akwai zafi da gumi. Na tuna sanyin nan da yake bin bayana yana sauka cikin wando.

Bayan na warke na shiga neman sanin abin da na goya shekara da shekaru. Ashe wannan dangin magani a Jamus aka fara haɓaka shi a shekarun 1930, kuma masanin da ya yi aikin, Gerhard Schrader, yana cikin neman maganin ƙwari ne ya ci karo da tabun a 1936, sannan sarin a 1938, gubobin da aka mayar makaman yaƙi. Abin da nake hurawa da bakina ɗan'uwansu ne, ƙarfi ne kawai bai kai ba. Na kuma gane cewa layin launi da ke ƙasan takardar kwalba ba ado ba ne. A ƙasashe da yawa ja yana nufin mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Shekara 14 ina ganinsa ban taɓa tambaya ba.

Da na koma gida na zauna da mai ɗakina na tambaye ta. Sai ta ce, "Malam, ai duk ranar da na wanke kayan aikinka sai kaina ya yi ciwo, hannuna kuma ya yi ta saɓa. Na ɗauka sabulu ne." Tare take jiƙa su da kayan yara, a baho ɗaya. Sannan idona ya kai kan jarkoki biyu da muke ajiye ruwa a ciki. Na magani ne, ni na kawo su da hannuna, na wanke da sabulu har wari ya tafi na ce sun yi. Roba tana shan magani, wari ya tafi ba ya nufin guba ta tafi. A ranar 16 ga Yuli 2013, yara 23 sun mutu a wata makarantar firamare a jihar Bihar ta Indiya bayan sun ci abincin rana. Bincike ya sami maganin ƙwari na monokorotofos a cikin man girkin, kuma mazubin man aka fi zargi. Da na ji wannan labari, na ɗauki wuƙa na huda jarkokin nan ta gindi. Hannuna yana rawa ina yi.

Watannin da na yi ba na iya aiki, yawo nake yi a hankali a bakin gonaki don ƙafata ta yi ƙwari. A nan ne na fara ganin abin da na daɗe ina wucewa ta kansa. Akwai wani kududdufi da nake wanke tanki a ciki kowace yamma, in juye ragowar a bakinsa. Ina yaro, in damina ta sauka, kukan kwaɗin wurin ba ya barin mutum ya ji maganar na kusa da shi. Na tsaya a bakinsa da magariba na ji shiru. Na tuna sau nawa na ga ƙananan kifaye sun taso ciki sama washegarin wankin tanki, in ce zafi ne ya kashe su. Ba ni kaɗai nake wanki a wurin ba, amma ina cikinsu, kuma dabbobi suna sha daga nan, yara suna wanka.

Sai kuma wani dattijo mai kiwon zuma, wanda amyoyinsa suke kan bishiyoyin da ke iyaka da gonakin da nake yi wa aiki. Na je gaishe shi, ya yi mini barka da arziki, sannan ya ce, "Ɗana, akwai maganar da na daɗe ina son yi maka, ina jin nauyi. Duk ranar da ka yi feshi da rana fure yana buɗe, washegari da tsintsiya nake share ƙudan zumana a gindin bishiya." Ya ce daga amya 12 saura 3 masu rai. Na ce, "Baba, me ya hana ka faɗa mini?" Ya ce, "Abincinka ne." Na rasa inda zan sa kaina. Shi ya ji nauyin taɓa abincina, ni na share nasa ban ma waiwaya ba.

Kuma ba nasa kaɗai ba. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kusan kashi uku cikin huɗu na nau'o'in amfanin gonar da duniya ta fi ci suna dogara, ko yaya, da ƙwarin da ke ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan. Wato mai gonar da ya biya ni in kashe masa tsutsa, na haɗa masa da ma'aikatan da suke yi masa aiki kyauta. A 2018 Tarayyar Turai ta hana fesa wasu magunguna uku na dangin niyonikotinoyid a fili saboda ƙudan zuma.

Wannan ya warware mini wata tambaya da ta daɗe tana cina: me ya sa kowace shekara muke ƙara murfi, ƙwari kuma suna ƙaruwa? Dalili biyu ne. In ka fesa, waɗanda jikinsu ya fi juriya su suke tsira, su hayayyafa, 'ya'yansu su gaji juriyar. Ƙwaro ne yake sabawa da magani, jikoki bayan jikoki, ba mai feshi ba. Na biyu, a kowace gona akwai masu cin ƙwarin: gizo-gizo, mazari, zanzaro, kwaɗi, tsuntsaye. Magani ba ya tantancewa, kuma maɓarnatan sun fi masu cinsu saurin dawowa, sai su tarar da fili babu mai tsaro. Indonesiya ta ga haka a gonakin shinkafarta, inda wani ƙaramin ƙwaro mai tsotse kara ya yi ta bunƙasa saboda yawan feshi, har a 1986 gwamnati ta hana amfani da magungunan ƙwari 57 a kan shinkafa, ta koma koya wa manoma duba gona da tantance ƙwaro mai amfani da mai ɓarna. Tun kafin nan maganin ƙwari na DDT ya riga ya koyar da duniya darasi. Wanda ya gano ƙarfinsa, Paul Müller, har lambar Nobel ya samu a 1948, sai daga baya aka ga ba ya ruɓewa, yana taruwa a kitsen kifi da tsuntsu da mutum, har ƙwan manyan tsuntsaye masu farauta ya riƙa fashewa a ƙarƙashin uwa don ɓawonsa ya yi siriri. Amurka ta hana shi a gona a 1972, kuma yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Stockholm ta 2001 ta taƙaita shi ga yaƙi da ƙwari masu yaɗa cuta kamar sauro.

Akwai laifin da har yau ina neman gafararsa. Kowane magani yana da adadin kwanakin da za a jira tsakanin feshi da girbi, a rubuce yake a jikin kwalba. Ni na sha yin feshi da yamma a tsinke kayan da safe a kai kasuwa, don su yi sheƙi kada tsutsa ta huda su a hanya. Ban san waɗanda suka ci ba. Wataƙila mai ciki, wataƙila jaririn da aka fara ba abinci. Ba su ɗauke ni aiki ba, ba su kuma san da ni ba.

Kada wani ya ɗauka ina cewa a watsar da magani gaba ɗaya. Na ga gonar da tsutsa ta cinye cikin kwana uku, na ga magidanci yana kuka a bakinta. Hukumar nan da na ambata ta ce ƙwari da cututtuka suna lalata har kashi 40 cikin ɗari na amfanin gona a duniya kowace shekara. Yunwa ma kisa take yi. Ni kaina na koma feshi, amma a 'yar gonata, kuma sai na zaga na buɗe ganye na ga ɓarnar ta kai a yi. Wani lokaci ruwan 'ya'yan darbejiya ya ishe ni. Hatsi kuma ina zuba shi a buhun da ba ya shan iska, ƙwari su mutu da kansu ba tare da na jefa ƙwayar magani a ciki ba. In ya zama dole, ba na karɓar abin da ba shi da takarda. Ina fita da sassafe ko da yamma lis, iska tana bayana, da takalmin roba da safar hannu da doguwar riga da tabarau da takunkumi. Akwai zafi, ba zan ɓoye ba, wani lokaci kamar in cire in jefar. In kwalba ta ƙare in ɗauraye ta sau uku, ruwan ɗaurayar ya koma cikin tanki, sannan in huda ta. Kayan aikina ni nake wanke su, a wani bokiti dabam. Kuma ina aika wa Baba mai zuma tun jajibiri.

Yayana shi bai taɓa faɗuwa a gona ba, ko sau ɗaya. Shi ya fi ni yawan feshin maganin ciyawa, musamman farakwat, wanda yake ƙone ganye cikin kwana ɗaya. Farakwat ba shi da makari, kurɓa ɗaya tana iya kashe mutum, a hankali, ta hanyar lalata huhu, kuma Tarayyar Turai ta daina ba da izininsa tun 2007. Shekara uku da suka wuce hannun Yaya na dama ya fara karkarwa in yana zaune. Sai tafiyarsa ta koma jan ƙafa, fuskarsa ta daina motsi kamar da. Likitan jijiya ya ce cutar Parkinson ce. Bai ɗora laifin a kan magani kai tsaye ba, amma tambayarsa ta biyu ita ce wace sana'a yake yi, ta uku kuma shekara nawa. Bincike da dama ya nuna cutar ta fi yawa a cikin waɗanda suka daɗe suna hulɗa da magungunan feshi, har Faransa ta amince a 2012 cewa tana cikin cututtukan da aikin gona yake jawowa. Yanzu ni nake ɓalle masa maɓallin riga in na je. Wannan mutum da yake goya lita 20 tun safe har yamma, yau kofin ruwa sai an tallafa masa.

Kwanakin baya ina wucewa ta wata gona na hango wani saurayi ya kwance bakin famfo zai kai baki. Na daka masa tsawa tun daga nesa har ya firgita. Na tsinko ɗanyar ciyawa na nuna masa yadda zai zura ta ya fitar da dattin, ya ɗauraye a ruwa. Ya yi murmushi ya ce, "Baba, kada ka damu, ai na saba." Na ji kalmar har cikin ƙashina. Na ce in ya tashi aiki ya yi wanka ya zo ya raka ni wani wuri.

Na kai shi wurin Yaya. Muka gaisa, na ce, "Yaya, ga wani ɗanmu, mai feshi ne, ya ce ya saba." Yaya ya daɗe yana dubansa, hannun yana ta kaɗawa a kan cinyarsa. Muryarsa ta yi ƙasa sosai yanzu, sai da yaron ya matso ya durƙusa sannan ya ji. Ya ce, "Ni na gaya wa ƙanena haka. Ban san ƙarya nake yi masa ba."

Tun daga ranar yaron yana zuwa da asuba ya ari takalmin roba da safar hannu, ya dawo da su da yamma a wanke. Takunkumin ne har yanzu ya ƙi, wai yana hana shi numfashi. Gobe ma zan sake miƙa masa.